Kagarar Damagaram a Cikin Hazon Hunturu

Sahel, sunan da ake kiran yankin da ke tsakanin hamada da ƙasar noma da shi, kalmar Larabci ce mai ma'anar gaɓar teku, kuma da wuya a sami inda sunan ya zauna daidai kamar Damargu, ƙasar Tanut da Belbeji da Gangara, inda ayarin Azbinawa da ya keto rairayi yake fara cin karo da rumbunan gero. Turawan da suka zo ta ruwa sun gina kagara, wato sansanin soja mai kakkaurar katanga, a bakin teku domin tsaron jiragensu, kamar ta Elmina da mutanen Fotugal suka kafa a 1482 a ƙasar da ake kira Gana a yau. Faransawa kuwa, da suka iso wannan gaɓa ta tudu, sai suka ɗora tasu a kan manyan duwatsun Damagaram, tsakanin Birni, mazaunin sarki, da Zango, masaukin fatake da raƙuma.

Sun raɗa mata sunan Kaftin Cazemajou, wanda aka kashe a garin a watan Mayu na 1898, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. A ƙarshen Yulin 1899 aka gwabza a Tirmini, birnin Damagaram ya faɗa hannun Nasara duk da ganuwa da igwogin da Sarki Tanimun ya bari, sannan a Nuwamban shekarar rundunar Foureau da Lamy, wadda ta taso daga Aljeriya, ta ratso Azbin da Damargu ta iso. Abin da ya sa kagarar ta shafi mutumin Gangara shi ne hanyar da take tsarewa, domin geron da ke ciyar da Azbin daga Damargu yake fita, kuma duk wanda ya riƙe wannan hanya ya riƙe maƙogwaron arewa baki ɗaya. Ta nan ne dakarun da suka tashi daga Damagaram suka bi zuwa Agadas, wadda Kawusan, jagoran tawayen Azbinawa, ya yi wa ƙawanya tun Disamban 1916, suka karya ƙawanyar a farkon Maris na 1917. Birnin Damagaram ya ci gaba da zama hedikwatar mulkin mallaka har 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da ya fi dacewa da ziyara, ba don sanyi kaɗai ba, har don a cikinsa ne ayarin gishiri yake saukowa tun fil azal. Da irinsa ne Bature Barth ya iso Damargu a Janairun 1851. Iskar hunturu tana ɗebo ƙura mai laushi, mafi yawa daga kwarin Bodele na Cadi, ta shimfiɗa hazo a sararin sama, har rana ta koma kamar farin faifai da ido ke iya kallo. Ga mai ɗaukar hoto wannan riba ce da hasara a haɗe. Hasken yakan yi taushi, inuwa mai kaifi ta ɓace, jan bango da tokar dutse su fito da ainihin launinsu, amma duk abin da ke nesa sai ya dusashe, shi ya sa hoton kusa, na tsagar katanga ko na akuyar da ta haye dutse, ya fi na faɗin gari kyau. Da hantsi ko bayan la'asar ya kamata a fita. Ƙurar tana shiga ko'ina, don haka a hure gilashin kyamara kafin a share shi da tattausan ƙyalle, gama shafa da bakin riga yana karce shi, kuma karcen ba ya gyaruwa.

Akwai sharaɗin da ya fi waɗannan duka nauyi. Kagarar tana hannun soja, ɗaukar hoton sansanin soja ba tare da izini ba kuwa laifi ne a Nijar, balle a wannan zamani na matsalar tsaro, saboda haka wajibi ne baƙo ya nemi izini, in an hana shi ya haƙura. Haka ma a fadar sarki, inda dogarai masu ja da kore suke zaune a ƙofa, gaisuwa ce take gaba da kyamara. Abin takaici ne yadda tsofaffin hotunan wannan gari akasari baƙi ne suka ɗauke su, suna ajiye a taskokin Faransa, alhali matashin da ya taso daga Gangara ko Belbeji da waya a aljihu yana iya tsayawa a lungunan Birni ya ɗauki ragowar ganuwar Tanimun, wadda kowace damina take ƙara zaizaye ta, ya haɗa da labarin da dattawan gidansu suka riƙe na shekarun da hanyar arewa take cike da raƙuma.