Marufin katako ga safaya: abin da kafintan Jos zai iya yi, da wanda ba zai iya ba

Duk ma'aikacin da ya saba barin Abuja ranar Juma'a ya nufi Jos ta Keffi da Akwanga ya san Hawan Kibo. Wuri ne da ba a fatan taya ta fashe, balle a sauke safaya a tarar ta tsattsage. Sai dai safayar da ke rataye a bayan mota, irin ta Prado ko tsohuwar RAV4, ita ce tayar da ta fi shan wahala alhali ba ta taka ƙasa ba.

Sanyin Jos yana ruɗar mutane. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a irin wannan tsayi hasken rana ya fi kaifi ko da iska na kaɗawa da sanyi. Shi ne ke busar da roba har gefen taya ya fara tsagewa. Ga kuma damina daga Afrilu zuwa Oktoba. Rigar leda da ake saye a kasuwa ba ta daɗewa take yagewa, na roba mai tauri kuwa tsada gare shi. Marufin katako ya shiga tsakani, kayan aikinsa ma ba su da wuyar samu a Kasuwar Katako da ke Laranto.

Aikin yana farawa da awo. Taya mai lamba 265/65 R17 faɗinta ya kai kusan santimita 78, kewayenta kuma ya yi daidai da tsawon falle ɗaya na filawud, wato ƙafa 8. Tunda dole a bar rata tsakanin taya da marufi, falle ɗaya ba zai zagaye ba, sai an yi haɗi. Kafintan da ya san aikinsa a ƙasa yake ajiye haɗin, inda ruwan sama ba ya dukansa. Fuskar marufin faifai ne da ake yankewa daga filawud mai matsakaicin kauri, gefen kuma siririn filawud ne da ake lanƙwasawa a hankali a kan guntayen katako, a sa gam, a ɗaure da sukuru maras tsatsa.

A nan ne son kwalliya ke ɓata aiki. Maɗaci yana da kyan gani, amma nauyi gare shi, ƙofar bayan mota kuma tun asali an auna abin da za ta ɗauka. Duk kilon da aka ƙara, ƙarafan da ke riƙe da ƙofar ne za su biya a kowane rami. Katako marar nauyi da fenti mai kyau ciki da waje, musamman a bakin yanka, ya fi. A huda ƙasan marufin wuri biyu ko uku don ruwa ya fita, in ba haka ba ya zama randa, wili ya yi tsatsa. A kuma tabbatar an ɗaure shi da ƙarfen da ke riƙe safayar, ba da igiya ba: faifan katako da ya kuɓuce a kan titi haɗari ne ga na baya.

Abin da marufi ba ya hanawa shi ne tsufa, har ma yana sa a manta da tayar. A gefenta akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara bayan ta cika biyar, a sauya ta in ta kai goma, ko da ba a taɓa amfani da ita ba. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ma sukan nemi ganin safaya a hanya. Don haka a ce wa kafinta ya yi marufin da mutum ɗaya zai iya cirewa cikin minti guda, ya kuma bar kafar da mai faci zai zura geji ya auna iska.