Raino da Jinya: Aikin da Ba Ya Shiga Lissafi

Shirin namu na yau ya leƙa ƙaramar hukumar Buji ta jihar Jigawa, domin duba yadda raino da jinya ke shiga tsakanin mace da neman na kanta.

A Gantsa da ƙauyukan kewaye, mace ba ta rasa abin yi: ga matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, ga ɗinkin hula, ga kiwon awaki. Duk sana'o'i ne da ake yi da goyo a baya, kunne yana ɗakin tsohuwa. Aikin albashi kuwa, koyarwa ne ko aikin asibiti, yana da lokacin shiga da na tashi. To, in an kwantar da suruka a asibiti a Dutse, wa ke zaman jinya? Galibi 'ya ce ko matar ɗa.

Ba Buji kaɗai ba ce. A rahotonta na 2018, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce mata miliyan 606 ne hidimar gida ta hana aikin samun kuɗi, maza kuwa miliyan 41.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12. Amma mai ƙuli-ƙuli wa zai ba ta hutu? Ran da ba ta soya ba, babu ciniki, ga zubin adashi yana jira.

Sai nauyin ya gangara kan 'ya mace. Ita ce raino, ita ce talla. Tun a shekarun 1970 binciken Enid Schildkrout a Kano ya nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara da yara. Yarinyar da raino ya hana zuwa aji kuwa, ita ce malamar makaranta ko ungozomar da garin zai nema gobe ya rasa.

Gyara ba ya gagara. A tanadi ɗakin raino kusa da makarantu da asibitoci. A riƙa tura ma'aikaciya aiki kusa da gidanta. Maza kuma mu tuna, haƙƙin iyaye a wuyan 'ya'yansu yake, maza da mata. Ɗan da ya karɓi kwanan jinya, ya ba matarsa damar fita aiki da safe, bai faɗi ba.