Izinin Shiga Tsakanin Kwamfuta da Allon Arduino

Arduino wani ɗan allo ne na lantarki, bai fi tafin hannu ba, wanda a ka fara ƙerawa a garin Ivrea na ƙasar Italiya cikin shekarar 2005. Da shi a kan sarrafa fitila, ko injin ban ruwa, ko ma'aunin zafi. Amma ba ya aikata kome sai an rubuta masa umurni a kwamfuta, an aika masa ta wayar USB.

A nan ne ɗalibi kan gamu da cikas, in kwamfutarsa tsarin Linux ta ke bi. Ya haɗa waya, fitilar allo ta kama, ya aika umurni, sai kwamfuta ta ce babu izini. Wasu kan zaci allon ne ya lalace, alhali kuwa lafiyarsa ƙalau.

Dalili shi ne, Linux ya kan ɗauki kowace na'ura tamkar fayil. Allon Arduino Uno ya kan bayyana da sunan /dev/ttyACM0. Izinin kowane fayil kuwa kashi uku ne: na mai shi, da na ƙungiyarsa, da na sauran jama'a. A Debian da Ubuntu mai wannan fayil shi ne root, watau shugaban kwamfuta, ƙungiyarsa kuwa dialout, sunan da ya samo asali tun zamanin da kwamfuta ke kiran 'yar'uwarta ta wayar tarho. Su biyun ke iya karatu da rubutu a kansa, saura an rufe musu ƙofa.

Wani kan buɗe ƙofar ga kowa da umurnin chmod 666. Wannan magani ne na ɗan lokaci, gama da an zare waya fayil ɗin ya ɓace, in an mayar kuma sai ya dawo da izininsa na da. Hanya mai ɗorewa ita ce mutum ya shiga ƙungiyar, ya rubuta sudo usermod -aG dialout, ya bi da sunan da ya ke shiga kwamfuta da shi, sa'an nan ya fita ya sake shiga, domin sai a lokacin shiga a ke duba ƙungiyoyinsa. A Arch Linux sunan ƙungiyar uucp.

Lalle a kula da harafin a na cikin -aG, ma'anarsa ƙari. Wanda ya manta da shi, za a cire shi daga sauran ƙungiyoyinsa, har da ta sudo, ya rasa ikon da zai gyara kuskuren da shi.