Petra Kvitová da Dalilin da Ya Sa Matan Cek Suka Mamaye Tanis

Tsakanin 2011 da 2024, mata uku 'yan Jamhuriyar Cek sun ɗaga kofin Wimbledon sau huɗu: Petra Kvitová a 2011 da 2014, Markéta Vondroušová a 2023, sai Barbora Krejčíková a 2024. Ƙungiyar matan ƙasar ta ci kofin ƙasashe, wanda a lokacin ake kira Fed Cup, sau shida daga 2011 zuwa 2018, Karolína Plíšková kuma ta hau matsayi na ɗaya a duniya a 2017. Ƙasar nan mutanenta ba su kai miliyan 11 ba, kuma sanyin hunturu yakan kori 'yan wasa daga filin waje na tsawon watanni. Birtaniya da ke karɓar baƙuncin Wimbledon, mai tarin kuɗin da gasar ke kawowa, rabon da 'yarta ta ci kofin tun Virginia Wade a 1977. Ke nan kuɗi kaɗai bai isa ya bayyana lamarin ba.

Rayuwar Kvitová ta fi kowane lissafi nuna yadda abin yake. An haife ta a 1990, ta tashi a Fulnek, wani ɗan ƙaramin gari a yankin Moravia. Mahaifinta malamin makaranta ne, shi ya koya mata wasan a filin garinsu bayan an tashi daga makaranta. Sai da ta kai kimanin shekara 16 ta koma kulob ɗin Prostějov, inda ake horar da ƙwararru. Da shekara 21 ta doke Maria Sharapova a wasan ƙarshe na Wimbledon. Matakan da ta taka su ne ginshiƙin tsarin ƙasar: filin ƙaramin gari mai araha, iyayen da suka san wasan, sai babban kulob da ba shi da nisa. A ƙasar da za a ratsa cikin 'yan sa'o'i da mota, yarinya tana iya buga gasa kowane ƙarshen mako ta kwana a gidansu, iyayenta ba su sayar da gida don kai ta makarantar tanis a Florida ba.

Kulob-kulob ɗin nan tsofaffi ne. Wanda ke tsibirin Štvanice a Prague an kafa shi tun 1893. Suna karawa da juna a gasar rukuni-rukuni, don haka yarinya ta saba yi wa ƙungiya wasa tun tana ƙarama, abin da ya taimaka wajen cin Fed Cup da kuma gwanintar wasan bibbiyu, inda Krejčíková da Kateřina Siniaková suka ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo. Da bazara ana wasa a filin jar ƙasa, inda ƙwallo ke tafiya a hankali har a koyi dabara da haƙuri. Da hunturu a shiga ɗaki, inda take gudu. Shi ya sa ba a rasa 'yar Cek a kowane irin fili.

Akwai kuma gadon tarihi. A zamanin kwaminisanci, tanis na cikin 'yan hanyoyin da ɗan Cekoslobakiya, ƙasar da Cek ke cikinta a lokacin, ke iya fita ya ga duniya. Martina Navratilova ta nemi mafaka a Amurka a 1975, hukumomin ƙasarta suka daina ambaton sunanta, ita kuwa ta ci Wimbledon sau tara. Da ta dawo Prague a 1986 tana yi wa Amurka wasa, jama'ar garin tafi suka yi mata. Hana Mandlíková ta ci manyan gasanni huɗu, Jana Novotná ta ci Wimbledon a 1998. A ganina wannan ne dalilin da ya fi ƙarfi, domin gani ya kori ji. Kvitová bahaguwa ce kamar Navratilova, kuma ita ta ɗauka abin koyi. Labarin Krejčíková ya fi taɓa zuciya: tana shekara 18 ta je ƙofar gidan Novotná da wasiƙa a hannu tana neman shawara, Novotná ta karɓe ta tana horar da ita har ciwon daji ya ci ƙarfinta, ta rasu a 2017. Bayan shekara huɗu ɗalibar ta ci gasar Faransa. Inda zakara take zaune a unguwar da za a iya ƙwanƙwasa mata ƙofa, cin kofi ba ya zama tatsuniya a wurin yara.

Wani dalilin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa ƙwallon ƙafa da hoki na kan ƙanƙara suna kwashe yara maza, su kuwa mata masu ƙarfi da sauri tanis ne wasan da ya fi ba su kuɗi da suna. Tun da Petr Korda ya ci gasar Ostireliya a 1998, babu namijin Cek da ya sake cin babbar gasa shi kaɗai, alhali kulob ɗaya suke shiga da matan.

Nasarar tana da tsada, kuma jikin 'yan matan ne ke biya. Nicole Vaidišová ta kai matsayi na bakwai a duniya tana matashiya, ta ajiye wasa a 2010 tana shekara 20. Vondroušová ta sha tiyata a wuyan hannu da kafaɗa, Karolína Muchová, wadda ta kai wasan ƙarshe a Faransa a 2023, ta yi watanni tana jinyar wuyan hannu. Raunuka suna ko'ina a tanis, amma inda gwanaye suka yi yawa, yarinya tana ganin in ta huta wata za ta maye gurbinta, kuma wannan abin damuwa ne. Shugabancin wasan ma bai tsira ba: a 2024 'yan sanda sun binciki hukumar tanis ta ƙasar kan zargin almundahana da kuɗin tallafin gwamnati, kuɗin da ya kamata ya isa ga ƙananan kulob irin na Fulnek.

Jarrabawar Kvitová ba daga fili ta zo ba. Ranar 20 ga Disamba 2016, wani mutum ya shiga gidanta a Prostějov da wuƙa. Tana kokawar ƙwatar kanta wuƙar ta yanke jijiyoyin hannunta na hagu, hannun da take wasa da shi. Likitoci suka yi kusan sa'a huɗu suna tiyata. Cikin wata biyar ta dawo fili a gasar Faransa, a 2019 kuma ta kai wasan ƙarshe a Ostireliya, inda Naomi Osaka ta sha da ƙyar a hannunta. Ta haihu a 2024, ta dawo na ɗan lokaci, ta yi bankwana a gasar Amurka ta 2025 da kofuna 31. Kafin ta tafi an riga an ga masu tasowa: a Janairun 2024 Linda Nosková, mai shekara 19, ita ma 'yar Moravia, ta fitar da Iga Świątek, lamba ɗaya a duniya, daga gasar Ostireliya.