Yadda Iyaye Suka Buɗe Wa 'Ya'yansu Nakasassu Ƙofar Makaranta A Amurka

Ga labarin wata doguwar jayayya da aka yi a ƙasar Amurka tsakanin iyayen yara da hukumomin makarantun gwamnati. Abin da aka yi jayayya a kansa shi ne, shin yaron da ya tashi kurma, ko makaho, ko gurgu, ko mai raunin fahimta, yana da rabo a makarantar da aka gina da harajin ubansa, ko kuwa ba shi da shi? Yau dokar ƙasar ta ce yana da shi. Amma ka sani, ya kai mai karatu, iyaye ne suka bi wannan rabo kamar yadda ake bin bashi, shekara da shekaru, kafin a biya su.

A farkon al'amari dokokin jihohi da yawa sun ba shugabannin makaranta ikon mayar da duk yaron da suka ga ba zai karantu ba. A cikin shekara ta 1919 aka kai ƙara gaban babbar kotun Jihar Wiskonsin a kan wani yaro mai shanyewar jiki, wanda yawu ke zubo masa, fuskarsa kuma tana murɗewa in zai yi magana. Ba wanda ya ce ba ya gane karatu, don kuwa yana tafiya daidai da tsararrakinsa. Duk da haka alkalai suka tabbatar da korarsa, bisa hujjar wai ganinsa yana damun malamai da sauran 'yan aji, kuma yana cin lokacin malami fiye da kima. Haka aka zauna shekaru masu yawa. Uban irin wannan yaro, in ba mai dukiya ba ne, hanya biyu ce gare shi: ko ya ɓoye ɗansa cikin gida, ko ya kai shi ɗaya daga cikin manyan gidajen ajiya na gwamnati, inda ake tara ɗaruruwa har dubbai, a ci a kwana, karatu kuwa sai abin da ba a rasa ba.

To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1948 wata uwa a birnin Niyu Yok, sunanta Ann Greenberg, ta sa ɗan gajeren cigiya a jarida, tana neman iyaye mata masu 'ya'ya irin nata su haɗu su buɗe musu wurin koyo. Mutanen da kowannensu ke zaton shi kaɗai ne cikin wannan hali suka ga ashe suna da yawa. A garuruwa dabam dabam iyaye suka riƙa yin karo-karo, suna aron ɗaki, suna ɗaukar malami da kuɗin aljihunsu. Sa'an nan a 1950 wakilansu suka taru a birnin Miniyafolis suka kafa ƙungiya guda ta ƙasa duka, wadda ake kira The Arc a yau.

Karo-karo ya taimaka, amma bai isa ba, gama iyayen nan suna biyan haraji kamar kowa, sa'an nan su sake biyan kuɗin karatun da maƙwabtansu ke samu kyauta. Hujjar da za su riƙe ta zo musu ta wata hanya. A 1954 Kotun Ƙoli ta Amurka ta hana raba makarantun baƙaƙen fata da na farare, ta ce muddin jiha ta ɗauki nauyin ba da ilmi, to, ya zama hakki wanda tilas kowa ya samu daidai wa daida. Iyayen nakasassu suka ce, in haka ne, kalmar "kowa" ta haɗa da 'ya'yansu.

Ƙara ta farko mai girma a Jihar Fensilbaniya aka shigar da ita, cikin 1971. Dokar jihar ta yarda a hana yaro shiga makaranta in an auna hankalinsa an ce bai kai na ɗan shekara 5 ba, ko kuwa in ma'aikacin awon hankali ya rubuta cewa ba zai koyu ba. Ƙungiyar iyaye ta jihar da iyayen yara 13 suka ɗauki lauya mai suna Thomas Gilhool, wanda shi kansa yana da ɗan'uwa da ya zauna a gidan ajiya na Pennhurst. Masana suka ba da shaida cewa babu yaron da koyarwa ba ta amfanarsa: wani zai kai ga karatu da sana'a, wani kuwa iyakarsa ya iya ci da kansa da sa tufafi, wannan ma ilmi ne. Da gwamnatin jiha ta ji shaidar, sai ta zaɓi sulhu. Alkalai suka tabbatar da shi a 1972: jiha za ta nemo yaran da aka bari a gida, ta koyar da su kyauta daga shekara 6 zuwa 21, kuma ba za a sauya wa yaro aji ba sai an sanar da iyayensa an saurare su.

Cikin wannan shekara kuma aka yanke wata shari'a a birnin Washinton a kan yara 7 da aka hana wa karatu. Hukumar makarantu ba ta musanta hakkinsu ba, sai dai ta kawo hanzari cewa ba ta da kuɗi. Alkali Joseph Waddy ya ƙi karɓar wannan uzuri. Ya ce in kuɗi bai isa ba, sai a raba abin da ke akwai bisa adalci, yadda ba za a fid da wani yaro gaba ɗaya ba, kuma ba za a ɗora wa nakasasshe nauyin rashin fiye da mai lafiya ba. Ma'anarsa a fili take: gidan da tuwo ya yi kaɗan, rage wa kowa loma ake yi, ba a ware ɗa guda a ce ya kwana da yunwa.

Bayan waɗannan hukunce-hukunce iyaye a wasu jihohi suka bi sahu, har maganar ta kai Majalisar Dokoki ta Tarayya. Majalisa ta ƙididdige cewa akwai yara nakasassu fiye da miliyan 8 a ƙasar, fiye da rabinsu ba sa samun koyarwar da ta dace da su, miliyan 1 kuwa an rufe musu ƙofa sam. Ran 29 ga Nuwamba, 1975, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar ilmin yara nakasassu duka, ko da yake ya faɗa a lokacin cewa dokar ta yi alkawarin abin da ya fi ƙarfin gwamnati. A 1990 aka sake mata suna, ake kiranta IDEA.

Abin lura cikin dokar nan shi ne matsayin da ta ba iyaye. Ba a auna yaro sai da iznin iyayensa. In an tabbatar yana da larura, sai malamai da iyaye su zauna tare su rubuta takarda tasa shi kaɗai: ga inda yake yanzu, ga inda ake so ya kai cikin shekara, ga irin taimakon da za a ba shi da yawansa. Ana sake duban takardar aƙalla sau ɗaya a shekara. Yaro zai zauna aji ɗaya da masu lafiya iyakar iyawa, ba a keɓe shi sai da dalili. In iyaye ba su gamsu ba, suna da ikon kai kuka gaban mai sauraro wanda ba ma'aikacin makarantar ba ne, daga nan kuma zuwa kotu. Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin cinikin baki da wanda aka rubuta aka sa shaidu.

Sai dai rubuta doka daban, fassara ta daban. Dokar ta ce a ba da ilmin da ya dace, to, mene ne ya dace? A 1982 iyayen wata yarinya kurma, Amy Rowley, waɗanda su ma kurame ne, suka nemi a ba ta tafinta mai maganar hannu a cikin aji, domin duban leɓe da take yi ba ya kama mata duk abin da malami ke faɗa. Lauyansu Michael Chatoff shi ma kurma ne, shi ne kurma na farko da ya tsaya ya yi hujja gaban Kotun Ƙoli. Alkalai 6 daga cikin 9 suka goyi bayan makaranta, suka ce tun da yarinyar tana cin jarrabawa tana wucewa aji, an biya ta hakkinta. Doka ba ta ce a kai yaro iyakar ƙwazonsa ba. Daga nan waɗansu kotuna suka ɗauka ko ɗan amfani kaɗan ya wadatar.

Aka yi shekara 35 kafin a gyara wannan. A Jihar Kolorado akwai wani yaro da takardun kotu ke kira Endrew, mai larurar otizim, wadda ke wahalar da yaro wajen magana da cuɗanya da mutane. Iyayensa suka lura kusan abu ɗaya ake maimaita masa a takarda kowace shekara, alamar bai gusa ba. Suka mayar da shi makarantar kuɗi, ya sami ci gaba, suka nemi hukuma ta biya. A watan Maris na 2017 alkalan Kotun Ƙoli 8 suka haɗu a kan magana ɗaya, cewa ɗan amfani kaɗan bai isa ba, lalle shirin ya zama wanda zai ciyar da yaro gaba gwargwadon halinsa.

Har wa yau da sauran bashi. Majalisa ta yi niyyar gwamnatin tarayya ta riƙa ba da har kashi 40 cikin 100 na matsakaicin abin da ake kashe wa ɗan makaranta, domin taimakon jihohi a kan kowane yaro mai larura. Ba a taɓa cika wannan adadi ba, a mafi yawan shekaru ko rabinsa ba a kai ba, alhali alkawari kaya ne. Kuma a 2005 Kotun Ƙoli ta ce wanda ya kai kuka shi zai kawo hujja, wannan kuwa galibi iyaye ne. Saboda haka mai halin ɗaukar lauya da masana ya fi talaka samun biyan bukata, abin da ya sa ƙungiyoyin iyaye ke koya wa junansu dokar, suna raka juna wurin zama da malamai.

A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, yara kimanin miliyan 7 da rabi suka ci moriyar dokar nan, watau kashi 15 cikin 100 na 'yan makarantun gwamnati. Iyayen da suka fara neman wannan hakki, da yawansu 'ya'yansu sun wuce shekarun makaranta kafin a buɗe ƙofar. 'Ya'yan wasu ne suka shiga. Abu uku suka riƙe: haɗa kai, sanin abin da doka ta ce, da nacewa a rubuta kowane alkawari a kuma bi shi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.