Yadda ake gano tsofaffin katunan 'yan wasa da aka yi wa ƙarin launi

A watan Agustan 2022, an sayar da wani ɗan katin kwali da bai cika tafin hannu ba a kan dala miliyan 12.6 a wani gwanjo a Amurka. Katin, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, yana ɗauke da hoton ɗan wasan besbol Mickey Mantle. A watan Fabrairun wannan shekarar kuma, katin gwarzon ƙwallon ƙafa Pele, wanda aka buga a Suwidin a 1958, ya samu mai saye a kan dala miliyan 1.33.

Tun asali ba kayan ajiya ba ne waɗannan katuna. Kamfanoni ne ke cusa su cikin kwalin taba sigari, daga baya kuma cikin ƙunshin cingam, domin jawo masu saye. Yara su yi wasa da su, su ɗaure su da roba, su manta da su a aljihu. Saboda haka kaɗan ne suka tsira da kyaunsu, kuma wannan ƙarancin ne ya sa lafiyar kati ta zama ma'aunin farashinsa.

Kamfanonin tantancewa, irin su PSA da aka kafa a 1991, suna ba kati maki daga 1 zuwa 10, sa'annan su rufe shi a cikin gidan roba. Tazarar maki ɗaya kan ninka farashi sau da dama, kuma ta nan ne masu algus suka samu ƙofa. Ɗaya daga cikin tsofaffin dabarunsu ita ce ƙarin launi.

Mene ne ƙarin launi?

Kusurwoyi da gefuna su ne ke fara lalacewa a jikin kati. Da zarar tawada ta ɓantale, sai farin takardar da ke ƙarƙashi ya bayyana. Mai algus yakan ɗauki alƙalamin maka, ko fensir mai launi, ko fenti, ya cike gurbin domin katin ya zama kamar hannu bai taɓa shi ba.

Katunan da aka zagaye gefensu da launi mai duhu su suka fi fuskantar wannan. Fitattu a ciki su ne katunan besbol na Topps na 1971, masu baƙin gefe, waɗanda ko ƙanƙanuwar gogewa takan fito fili a jikinsu. Haka ma katunan ƙwallon kwando na Fleer na 1986, masu gefen ja da fari da shuɗi, jerin da ya ƙunshi katin Michael Jordan da na Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas.

Abin da ke tona asiri

Tushen binciken shi ne, tawadar injin ɗab'i da tawadar hannu ba sa zama iri ɗaya a kan takarda. Galibin katunan da aka buga bayan Yaƙin Duniya na Biyu an haɗa hotunansu ne da ƙananan ɗigo na launuka huɗu: shuɗi, ja-ja, rawaya da baƙi. Ido yana ganin launi ɗaya, amma gilashin da ke ƙara girman abu sau goma yana nuna ɗigon a jere bisa tsari. Inda aka shafa tawada da hannu, sai a ga ɗigon sun ɓace ƙarƙashin wani tabo, ko a ga sawun bakin alƙalami.

Sai dai akwai sassan da injin ke shimfiɗa wa tawada a cike ba tare da ɗigo ba, kamar baƙin gefe. A nan kaurin katin ake dubawa, wato bakinsa ta gefe. A maɗaba'a, babban falle ake fara bugawa kafin a yanka shi katuna, don haka wuƙa takan bar bakin kati da launin kwali tsantsa. Tawadar maka kuwa ruwa ce, kwali yana shan ta. Idan aka ga launi ya gangaro bakin kati, ko ya ɓullo ta bayansa, to hannu ya shiga bayan yanka.

Mataki na gaba shi ne karkata katin a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, ta yadda haske zai kwanta a fuskarsa. Wurin da aka taɓa yakan dushe, ko sheƙinsa ya zarce na sauran. Baƙar tawadar maka kuma sau da yawa takan ɗauki ruwan shunayya ko ja-ja, saɓanin baƙin maɗaba'a.

Masu tantancewa suna amfani da fitilar ultrabayolet a ɗaki mai duhu. Sinadaran da ke cikin tawada da fenti da gam na zamani ba sa amsa wannan haske kamar yadda tsohuwar tawada ke yi, sai gurbin da aka gyara ya haska ko ya yi duhu shi kaɗai. Tun wajen shekarun 1950 masana'antu suka fara sa wa takarda sinadarin ƙara fari, wanda ke walƙiya da shuɗi a ƙarƙashin fitilar. Ke nan irin wannan walƙiya a jikin katin 1910 alama ce ta cewa an liƙa masa baƙuwar takarda, ko kuma jabu ne ɗungurungum. Amma ba kowace tawada ce fitilar ke kamawa ba, shi ya sa rashin ganin komai ba ya wanke kati.

Akwai kuma binciken da hankali kaɗai ke yi. Tsufa yana tafiya ne tare: kusurwar da ta daku har ta yi laushi ba ta da dalilin riƙe cikakken launinta, kuma layin lanƙwasa ya kamata ya nuna fari. Idan kwali ya nuna wahala amma launi ya fito sabo fil, akwai lauje cikin naɗi.

Ba kowane bambanci ne algus ba

Wajibi ne a yi hattara da saurin zargi. Rana tana kodar da launi, musamman ja da rawaya. Tawada kan yi yawa ko ta yi ƙaranci daga wannan bugu zuwa wancan, launuka kan goce daga mazauninsu tun a injin. Katunan sigari na farkon ƙarni na 20 kuma da wata fasahar ɗab'i aka yi su, tsarin ɗigonsu daban ne. Hanya mafi inganci ita ce a samo kati mai araha daga jeri ɗaya da shekara ɗaya, wanda babu mai ɓata lokacin gyara shi, a ajiye su kusa da juna a gwada.

Hukuncin kasuwa da na kotu

Idan PSA ta ga alamar ƙarin launi, ba ta ba katin maki. Iyakarsa a shaida cewa na asali ne amma an taɓa shi, kuma farashinsa yakan faɗi ƙasa da abin da zai samu da an bar shi da lahaninsa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Duk da haka, gidan roba ba tabbaci ba ne. Katin Honus Wagner, na jerin da kamfanin taba na American Tobacco ya fitar tsakanin 1909 da 1911, shi ne na farko da PSA ta tantance, ta ba shi maki 8. An sayar da shi dala 451,000 a 1991, ya kai dala miliyan 2.8 a 2007. A 2013, dillalin gwanjo Bill Mastro ya amsa a gaban kotun tarayya a Chicago cewa ya datse gefunan katin, kuma a 2015 aka yanke masa hukuncin ɗaurin wata 20 bisa laifin zamba. Nasa algus ɗin yanka ne ba launi ba, amma ya nuna cewa ƙwararru ma ana iya rufe musu ido. A 2019 hukumar FBI ta buɗe bincike kan gyararrun katuna, bayan masu tara su sun gwada tsofaffin hotunan gwanjo da sababbi, suka gano kati guda mai tabo a hoton farko, babu tabon a na biyu.

Gyaran tsohon abu ba laifi ba ne a karan kansa, domin gidajen tarihi ma suna gyara zane-zane. Bambancin shi ne su suna rubuta abin da suka yi. Ɓoye gyaran ga mai saye shi ne ha'inci.

Ga mai saye ta intanet, inda ba ya iya riƙe kati a hannu, kada ya yarda da cinikin biri a sama. Ya nemi manyan hotuna na gaba da baya da na kusurwoyi huɗu, ya duba lambar shaidar katin a rumbun kamfanin da ya tantance shi, ya kuma tabbatar da sharaɗin mayar da kaya. Wanda kuwa ya tsinci tsohon kati a akwatin gida, ya ajiye shi nesa da rana da laima, kada ya kusanto shi da alƙalami.