Yadda Manomi Zai Zaɓi Bakansa Na Fari Da Kuɗi Kaɗan

Ya ku manoman Sakkwato, da ku hakimai masu karanta wa jama'a wannan takarda, kun san ɓarnar da birai da zomaye da gafiya su ke yi a gona, tun ba a fadamun Gulbin Rima ba. Bindiga tana da tsada, ga albarushi, ga neman lasin. Baka kuwa talaka yana iya samunsa. Kada ku raina shi, gama da baka da kibau jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka kori dawakin Yunfa Sarkin Gobir a Tabkin Kwatto cikin 1804.

Na fari, itace. Maharba suna sassaƙa baka da ɗunɗu ko dargaza, domin suna tanƙwaruwa ba su karye ba. Ka duba itacen ya bushe sarai. Ka bi shi da hannu daga kai zuwa kai. In ka ga tsaga, ko kulli, ko ƴan ramukan ƙwaro, ka bar shi ko da kyauta ne, domin nan zai karye ran da ka ja shi da ƙarfi, watakila ya sami idonka.

Na biyu, ƙarfinsa. Samari su kan so baka mai tauri don a ce su maza ne. Wannan asara ce. Ka ja tsirkiya, ka riƙe har ka ƙirga goma. In hannunka ya yi rawa, bakan ya fi ƙarfinka, kibiyarka kuwa ba za ta tafi inda ka nufa ba. Ka kuma lura kawunansa biyu su tanƙwaru daidai.

Na uku, tsirkiya. Ta fata murɗaɗɗiya ce a ke so, wadda kaurinta ɗaya ne ko'ina. Ka sayi biyu, ɗaya ta zauna a aljihu.

Na huɗu, kibau. Nan ne ba a rowa, araha ba ta ado. Gara kibiya biyar miƙaƙƙu masu nauyi ɗaya da ashirin karkatattu. Ka je wurin maƙera, irin na unguwar Maƙera Asada, su ƙera maka kawunan. Kyauro kuwa ka yanko da kanka da kaka, ka shanya a inuwa. Kwari ba sai ka saya ba, guntun gora da ƴar fata sun isa.

In kuɗinka kaɗan ne ƙwarai, ka nemi tsohon baka wurin maharbin garinku, ko ka roƙi Sarkin Baka ya zaɓa maka. Bakan da ya shekara yana aiki ya riga ya nuna halinsa.

Ka kwance tsirkiya in ka gama, ka shafa wa itacen man kaɗe, ka rataye shi nesa da gara da laima. Ka koyi harbi a jikin damin kara, daga taki goma, sa'an nan ka riƙa ja da baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dafin kwankwani yana tsai da zuciyar mutum kamar yadda ya ke tsai da ta dabba. Mai koyo kada ya taɓa shi, kada kuma ya shiga gidan da akwai yara.

Hakimai, ku tuna wa mutanenku dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, da dokar Tarayya ta 1985 mai kāre dabbobin da suka kusa ƙarewa. Kowa ya tambayi ma'aikacin gandun daji kafin ya fita. Kada a harbi mai ciki ko mai shayarwa, kada a sa wa daji wuta don zomo, kada kuma a saki kibiya cikin hatsi sai an ga abin da a ke harbi sarai, gama yara masu tsaron gona suna ciki.